Tsara Ziyarar Ilimi ta Yini Guda Daga Birni Zuwa Karkara: Misali Daga Gammo

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa makarantu kan ɗauki ɗalibansu zuwa birnin Kano na tsawon kwana uku ko huɗu, domin su ga abin da aka karantar da su a aji. Sai dai a mafi yawan lokaci ziyarar takan tsaya ne a kan Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, daga nan a juya gida. Ɗalibin Hausa da ya tsaya a nan ya ga rayuwar birni kawai, alhali kuwa yawancin abin da yake nazarta na al'ada da adabin baka a karkara ya fi zama da gindinsa. Wannan babi zai yi bayanin yadda malami zai ware yini guda daga cikin 'yan kwanakin da yake da su, ya kai ɗalibai karkara, ya kuma dawo da su lafiya. An ɗauki Gammo da kewayenta a matsayin misali.

2.0 Dalilin Zaɓen Wuri

Sharaɗi na farko shi ne kusanci, wato wurin da za a iya zuwa a dawo tsakanin hantsi da magariba. Na biyu kuwa, ya kasance akwai abin koyo da ya dace da manhaja. Gammo ta cika waɗannan sharuɗɗa. Tana ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kabo a yammacin Jihar Kano, tare da irin su Garo da Godiya da Gude da Masanawa da Durun. Daga birni akan fita ta Kabuga, a bi hanyar Gwarzo, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, sannan a shiga ƙasar Kabo. Garin Gwarzo kansa, wanda yake gaba, bai wuce kimanin kilomita 70 daga Kano ba.

Ta fuskar tarihi, a wannan yanki na yamma ne masu jihadi na ƙasar Kano suka yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando a zamanin Sarki Alwali, wanda mulkinsa ya ƙare a wajen shekarar 1807. Sunayen Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya sun fito a cikin labarin gwagwarmayar farkon jihadin. Ke nan ɗalibi zai iya kwatanta abin da aka rubuta da abin da dattawan wurin suka gada a baka. Ta fuskar sana'a kuwa, yanki ne na manoma da makiyaya, ga kuma madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, da babbar madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye, waɗanda suka ba da damar noman rani da su.

3.0 La'akari da Yanayi

Zangon karatu na biyu, wato daga Janairu zuwa Afrilu, shi ne lokacin da makarantu da dama kan fita ziyara. Ƙarshen Fabrairu da farkon Maris su ne mahaɗar hunturu da bazara. A ƙasashen Turai wannan lokaci ne na narkewar ƙanƙara da tohon itatuwa. A ƙasar Hausa kuwa akasin haka ne: sanyi yana ja da baya, zafi yana ƙaruwa kullum, har ya kai ma'auni 40 ko fiye a watan Afrilu. Saboda haka malamin da ya kwaikwayi tsarin da ya karanta a littattafan wasu ƙasashe ba tare da duba yanayinsa ba zai wahalar da yara.

Wannan lokaci yana da alfanu. Hanyoyin burji a bushe suke, babu fargabar mota ta kafe a taɓo ko rafi ya kawo ya datse hanya. Manoma sun kimtsa amfanin gona a rumbu, suna da sukunin zama su amsa tambaya, abin da ba ya samuwa da damina. A lokacin ne ake gini da yaɓe da jinka, ake kai taki gona, ake kuma yawaita bukukuwan aure. A bakin ruwa za a tarar da tumatir da albasa da attaruhu, da alkama tana dab da isa yanka. Ɗalibi zai ga gawo da ganyensa shar, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, ya kuma ga ɗorawa ta fitar da tutu.

Yana kuma da illoli. Samari da yawa sun tafi cin rani, don haka wasu masu sana'a ba sa gari. Ƙura da zafi kan tayar da ciwon ido da tari, kuma lokacin sanƙarau ne, cutar da ta yi mummunar ɓarna a Kano a shekarar 1996. Bugu da ƙari, wajibi ne a duba kalandar Musulunci. A shekarun 2025 da 2026, alal misali, azumin Ramadan ya faɗo ne a tsakanin Fabrairu da Maris. Idan haka ta faru, ya fi dacewa a ɗaga ziyarar, domin yawo a rana da ƙishirwa bai kamaci ɗalibi ko mai masauki ba.

4.0 Matakan Shiri

4.1 Fayyace manufa. Yini guda ba ya ɗaukar komai da komai. Malami ya zaɓi batu ɗaya ko biyu, kamar tarihin kafuwar gari, ko sana'ar ƙira, ko kalmomin noman rani. Daga manufar ne za a tsara tambayoyi tun a aji.

4.2 Neman izini. Ana buƙatar amincewar shugaban makaranta da ta iyaye a rubuce. Daga nan sai a rubuta wa sashen ilimi na ƙaramar hukuma da hakimi, shi kuma ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da masu unguwanni. Wanda ya tsallake wannan tsani ya faɗa gari kai tsaye, da wuya ya sami mai sakin jiki da shi, don kuwa da ɗan gari akan ci gari.

4.3 Ziyarar share fage. Malami ya je shi kaɗai, ko ya wakilta wani, kafin ranar. A nan zai auna tsawon tafiya, ya san inda za a yi salla da inda za a kewaya, ya gano asibiti mafi kusa, ya kuma tsayar da waɗanda za a tattauna da su. Ya tambayi ranar da kasuwa take ci, domin kasuwannin karkara mako-mako suke ci. Ranar kasuwa ta dace da mai son ganin hada-hada, amma ba ta dace da mai son zama da dattawa ba, saboda kowa ya fita nema.

4.4 Tsaro. A shekarar 2025 an sami hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Jihar Katsina, kuma ƙasar Gwarzo ma tana iyaka da Katsina. Don haka dole ne a tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankin da masu gari ana gobe za a tafi. In aka ba da shawarar a dakata, to a dakata. Babu darasin da ya kai ran yaro guda daraja.

4.5 Mota da guzuri. A ɗauki mota mai lafiya da direban da ya san hanya, kada kuma a yi lodi fiye da kujeru. A tanadi wadataccen ruwan sha, da abinci marar saurin lalacewa, da akwatin taimakon gaggawa mai ɗauke da gishirin zawo. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da biro, rukuni kuma ya sami abin ɗaukar magana. A cikin kasafi kada a manta da kuɗin goro da ɗan abin hasafi ga waɗanda suka ba da lokacinsu.

5.0 Tsarin Yinin

Zafin rana shi ne ke yanke yadda za a raba yinin. A tashi daga masauki da ƙarfe 7:00 na safe, kafin cunkoson Kabuga ya yi tsanani. Da isa, a fara da gaisuwa a ƙofar gidan mai gari. Ayyukan da ke buƙatar tafiya a ƙasa, kamar zuwa lambu ko maƙera ko kufai, a gama su kafin ƙarfe 12:00. Daga nan a koma inuwa a ci abinci, a yi sallar azahar, sannan a zauna hira da dattawa a zaure. Bayan la'asar a yi ban kwana, a kama hanya da ƙarfe 4:30, domin a shiga birni kafin magariba, wadda kan yi a wajen 6:30 a wannan lokaci. A ƙirga ɗalibai da suna a duk sa'ad da za a shiga mota. A bakin madatsar ruwa kuwa, a hana wanka da shiga kwalekwale ko kusa.

6.0 Ladubban Ziyara

Baƙo ba ya shiga gari da gadara. A koya wa ɗalibai su yi sallama, su cire takalmi a bakin zaure, su durƙusa su gai da mai gari da "Ranka ya daɗe". Dattijo a kira shi Baba ko Malam, dattijuwa Inna ko Iya. Maza su tsaya a zaure, mata ne kaɗai za su shiga cikin gida tare da malama, kuma ta wannan hanya ce ake samun waƙoƙin niƙa da daka da tatsuniyoyi. Kada a ɗauki hoto ko murya sai da yardar mai ita. Haka kuma kada a yi wa kowa dariya don lafazinsa ya bambanta da na birni ko na littafi. Bambancin nan shi ne abin da mai nazarin karin harshe ya je nema.

7.0 Bayan Dawowa

Ziyarar da ba a bi ta da aiki ba ta zama yawon shan iska. Tun a daren, kowane rukuni ya juya abin da ya ɗauka zuwa rubutu bisa ƙa'idojin rubutun Hausa, tare da kiyaye kalmomin mai magana yadda ya faɗe su. A rubuta wuri da rana da matsayin wanda aka tattauna da shi. Idan labarin dattijai biyu ya saɓa, a kawo duka biyun, a bar ɗalibai su tattauna dalilin saɓanin. A ƙarshe a aika wa mai gari takardar godiya haɗe da kwafin rahoton, domin ƙofar ta zama a buɗe ga masu zuwa baya.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa nasarar ziyarar yini guda ta rataya ne a kan abin da aka yi kafin a shiga mota: zaɓen wuri na kusa, da sanin yanayi, da bin hanyar izini, da tabbatar da tsaro. Matakan da aka bi a kan Gammo za su yi aiki ga malamin da ke Katsina ko Zariya ko Maraɗi, in ya dubi garuruwan da ke kewaye da shi.

Auna Fahimta

1. Kawo alfanu uku da illoli biyu na kai ziyara karkara a farkon bazara.
2. Me ya sa ake bi ta hannun hakimi da dagaci kafin a shiga gari?
3. Tsara jadawalin ziyarar yini guda zuwa wani ƙauye da ke kusa da makarantarku.