Kuɗin mota a rasit: shin harajin VAT na hawa kansa?

Ɗan kasuwar Gitata da ya yi odar siminti ko kwanon rufi daga dila a Keffi yakan ga layi uku a rasit: kuɗin kaya, kuɗin mota, sai VAT. Mutane da yawa na ɗauka cewa haraji a kan kaya kawai ya kamata ya tsaya. Doka ba haka ta ce ba. Tun da VAT ya maye gurbin tsohon harajin sayarwa a ranar 1 ga Janairu 1994, yana hawa kan kaya da kuma aikin da aka yi wa mutum don a biya, kuma ɗaukar kaya a mota aiki ne. Idan dila mai rajista ya sayar da kayan naira 1,000,000, ya kai su har ƙofar shago a kan 100,000, to kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, zai hau kan 1,100,000 ne. Harajin ya zama 82,500, ba 75,000 ba. Raba kuɗin mota a layi daban bai fitar da shi daga lissafi ba.

Inda nake ganin gyara shi ne wajen abinci. Doya da masara da shinkafar da ake lodi a wannan yanki zuwa Masaka da Mararaba da Abuja ba a ɗora musu VAT, amma kamfanin jigila mai rajista da ya kwashe su zai caji harajin a kan aikinsa, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwa ne zai biya. Za a ce sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta ba mai sayar da abinci damar neman a mayar masa da harajin da ya biya. Gaskiya ne, sai dai wannan dama ta masu rajista ce da ke ajiye takardu. Mai tara doya ƙwarya-ƙwarya a ranar kasuwa ba ya cikinsu. Za a kuma ce yawancin direbobin ƙauye ba sa cajin VAT. Haka ne, amma da zarar kaya sun yi yawa sun koma hannun manyan motocin kamfani, harajin ya dawo.

Tunda doka ta yafe VAT a kan motar haya ta fasinja, babu hujjar barinsa a kan motar da ta ɗauko abincin fasinjan. Ya kamata Majalisar Tarayya ta cire shi. Kafin nan, duk wanda aka caje shi VAT a kan kuɗin mota ya nemi a rubuta masa lambar harajin mai cajin a jikin rasit.