Lambobin da ke ƙarshen aya: mu koyi karanta su daidai

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa da ɗalibanmu, sau da yawa mukan ce wa yaro ya buɗe Ayatul Kursiyyu a bugun Hafsu, ya ga ٢٥٥, sai ya ce mana aya ta 200 ce. Ba laifinsa ba ne, idonsa ya saba da lambobin boko.

Wannan zagayen ٥ biyar ne, ba sifili ba. Sifili kuwa ɗigo ne kawai, ٠, shi ya sa ٢٥٥ take nufin 255, ١٠ kuma 10. Haka ٦, wadda ta yi kama da 7, shida ce. Bakwai ٧ bakinta na sama, takwas ٨ bakinta na ƙasa. Sannan duk da Larabci daga dama yake farawa, babban gida yana hagu: ١٢ goma sha biyu ce, kar a juya ta ta koma 21.

To, kada wani ya ce 1, 2, 3 na Nasara ne. Duka biyun daga Hindu suka fito, Al-Khawarizmi ya yi littafi a kansu a Bagadaza a ƙarni na 9. Siffar da Turawa suka ɗauka ta Magrib da Andalus ce, har yau ita ake rubutawa a Maroko.

Mai turo mana fatawa ta waya, don Allah ya duba lambar ayar sau biyu, ya kuma faɗi ko Warshu ne ko Hafsu, domin Baƙara aya 285 ce a ƙirgen Madina, 286 a na Kufa.