Hawan keke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi: yadda ake tsara hanyar da za ta kai mutum lafiya

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin acaba ya fara gagarar masu ƙaramin ƙarfi. A Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke tara dubban ɗalibai, keke shi ne mafita mafi arha. Sai dai titunan yankin ba don mai keke aka shimfiɗa su ba.

Abu na farko da mai tsara hanya zai auna shi ne gudun motocin da zai raba titi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa ɗaya a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Babban titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma kuwa na masu dogon zango ne. Saboda haka a cikin gari, layin unguwa mai ɗan zagaye ya fi babban titi, ko da zai ƙara minti goma. A kuma kauce wa bakin tasha da bakin kasuwa, musamman ranar cinta.

Tsakanin garuruwan biyu zaɓin ya fi wuya, domin a nan ne dabarar kauce wa mota ke cin karo da matsalar tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, kuma a Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya. Burtalin da ya ratsa gonaki ba shi da tirela, amma ba shi da mai kawo ɗauki, balle da damina idan gero da dawa suka yi tsayi suka rufe gani. A nan titin da ke da jama'a, duk da haɗarinsa, ya fi. A fita bayan gari ya waye sarai, a koma gida kafin magariba, a yi ayari, a kuma tambayi mutanen ƙauyukan hanya halin da aka kwana, don labarin jiya ba ya amfani yau.

Kafin a dogara da hanya, a gwada ta ranar da ba a sauri, a lura da yashin da ke kwantawa a gefen kwalta, da kwalbatin da ruwa ya ci, da inda mai faci yake zama. A bi hannun dama tare da motoci. Hawa a kishiyar hannu, wai don a riƙa ganin abin da ke tahowa, shi ke jawo karo gaba da gaba. Birki mai kamawa, ƙararrawa, fitila gaba da baya da riga mai ƙyalli sun zama dole lokacin hazon hunturu.

Sauran aikin ba na mahayi ba ne. Fitilun kan titi, tudun rage gudu a gaban makarantu da share yashi a layukan gari suna buƙatar kasafi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka matasa na da hurumin tambayar shugabannin Dutsin-Ma da Kurfi da kansilolinsu nawa aka ware wa waɗannan ayyuka a bana.