Rufin da ya yi kama da na Sin a Sikotland

A garin Keith, arewa maso gabashin Sikotland, akwai wani gini na dutse a bakin kogin Isla, da tsakar gida shimfiɗe da tsakuwa, da wani tsohon gargare na katako da ruwa ke juyawa. Sunansa Strathisla. George Taylor da Alexander Milne suka kafa shi a 1786, kuma har yau ana dafa wiski a cikinsa. Ko wanda ba ya kusantar barasa, kamar yawancinmu, zai sami abin lura a nan, domin aikin da ake yi a ciki shi ya tsara kowane bango da kowane rufi.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne tagwayen rufi masu tsini, gefensu a lanƙwashe kamar na gidajen bauta na ƙasar Sin. Baƙo sai ya ɗauka ado ne, alhali asalinsu mafitar hayaƙi ce.

Ga dalilinta. Sha'ir ake jiƙawa a baza a daɓe har ya yi tsiro, kamar yadda mata ke tsirar da dawa ko gero don kunun zaƙi, ma'aikata na juya shi da shebur na katako kada saiwoyin su sarƙe. In ya kai, dole a busar da shi don tsiron ya tsaya. Sai a shimfiɗa shi a bene mai ƙananan ƙofofi, a hura wuta a ƙasa, da gawayin kwal ko da wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta da suke kira fit. Zafin na ratsa hatsin ya haura. Matsalar ita ce yadda za a ja hayaƙin ya fita da ƙarfi ba tare da ruwan sama ya shigo ba, a ƙasar da ba ta rabuwa da yayyafi. Wani mai zanen gini na garin Elgin, Charles Doig, shi ya warware ta a 1889 a matatar Dailuaine: hasumiya mai tsukewa sama, da hula a kanta, iska na shiga ta kowace kusurwa tana zuƙe hayaƙin. Gobara ta cinye wannan ta farko a 1917, amma kafin nan salon ya bazu. A ganina da wuya a sami dabarar da ta haɗa amfani da kyau kamar wannan. Yau matatu ƙalilan, irin su Balvenie da Laphroaig da Springbank, ke tsirar da sha'ir da kansu. A sauran, rufin ya zama tambari kawai.

Waɗannan gine-gine ba su yi ƙarfi ba sai bayan dokar haraji ta 1823. Kafin ita, mutanen tsaunuka a ɓoye suke dafawa, da 'yan tukwanen da za a iya gudu da su in jami'an haraji sun ɓullo. Da lasisi ya yi sauƙi, sai gini na dindindin ya yawaita.

A ciki kuwa manyan tukwanen jan ƙarfe ne masu dogon wuya, tururi na hawa ya sauko ya koma ruwa. Ruwan na bi ta wani akwatin gilashi da tagulla mai kwaɗo, wanda a da makullinsa na hannun jami'in kwastan.

Daga nan sai rumbun ajiya: gajeren gini mai kaurin bango, ƙasansa turɓaya, gangunan itacen oak jere hawa uku cikin sanyi da danshi. Doka ta ce sai wiski ya shekara 3 a ganga, a cikin Sikotland, kafin a kira shi da sunan ƙasar. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na sulalewa ta jikin katakon ya bi iska, abin da suke kira rabon mala'iku.