Tsarabar Mina: Yadda Za A Zaɓa Wa Yaro Makarantar Ilmin Kwamfuta

Tun da na komo daga hajjin shekarar 2025, watau 1446 ta Hijira, mutane su ke ta tambayata tsaraba. To, dabino ya ƙare, ruwan Zamzam ma saura kaɗan. Amma akwai wata tsaraba da na riƙo wadda rabo ba ya ƙarar da ita, ita ce wata magana da muka yi a cikin tanti a Mina. Na ga ta shafi kowane mai ɗa ko 'ya a sakandare, shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili.

Ran 11 ga Zulhajji ne, bayan Azahar, muna zaune muna jiran lokacin da aka yanka wa ƙungiyarmu na zuwa jifa. Kusa da ni akwai wani dattijo, Alhaji falken goro daga Kumasi. Na ga ya yi tagumi, na ce, "Alhaji, lafiya? Ko zafin ne?"

Ya ce, "Malam, ba zafi ba ne, zancen autana ne. Ya gama sakandare a 2024, ya ce shi ilmin kwamfuta ya ke so. Na saya masa takardar neman shiga jami'a guda ɗaya tak, wadda na ji sunanta ya fi na kowace. Ba a ɗauke shi ba. Ga shi shekara guda yana zaune a rumfa yana ƙirga mini huhu. Yanzu na ƙudura, in ba Makka ko Madina ba, ba inda za shi. Har wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo masa gurbi."

Muna cikin haka sai ga wani saurayi ya shigo yana duba katin Nusuk da kowane alhaji ke rataye da shi a wuya. Da ya ji muna Hausa sai ya gaishe mu, Hausarsa duk ta cuɗe da Larabci. Ashe haifaffen Makka ne, kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Sudan. Shi kuwa ɗalibin ilmin kwamfuta ne a Jami'ar Ummul Ƙura, yana aikin alhazai lokacin hutu. Na ce a raina, lalle matambayi ba ya ɓata. Muka zaunar da shi.

ABIN DA MINA TA KOYA MANA

Alhaji ya ce, "Ɗana, wai shin mene ne wannan karatu naku? Gyaran waya ne, ko buga takarda?"

Yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, kuna zaune a cikinsa."

Ya bayyana mana cewa alhazai fiye da 1,670,000 suka yi hajjin 2025, kuma yawancinsu a wannan ɗan kwari su ke kwana, cikin tantuna fiye da 100,000. Dukansu wuri guda su ke nufa, wajen jifa. A watan Janairu na 2006 aka yi turmutsitsi a bakin tsohuwar gadar Jamarat, mutum fiye da 340 suka rasu. Bayan haka sai masana, cikinsu har da wani Bajamushe mai suna Dirk Helbing, suka ɗauki hotunan taron suka sa kwamfuta ta auna yadda jama'a ke tafiya, da lokacin da cunkoso ke juyewa ya zama hatsari. Aka rushe gadar, aka gina sabuwa mai hawa 5, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka yanka wa kowace ƙungiya sa'arta. A 2010 kuma aka buɗe jirgin ƙasa mai tasha 9 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa.

Ya ce, "Wannan jira da ku ke yi yanzu, Baba, lissafi ne ya zaunar da ku. Wanda ya ke tsara irin wannan lissafi ya koya wa na'ura ta bi shi, shi ne ya karanta ilmin kwamfuta."

Muka yi shiru, don ba wanda ya manta da 2015, shekarar da turmutsitsi a kan hanyoyin Mina ya cinye 'yan'uwanmu da yawa na Nijeriya da Nijar da Gana. Allah ya jiƙansu. Dabarar ɗan Adam ba ta kai ƙarshe ba, amma wannan ya nuna aikin ba na wasa ba ne.

Ni ma na tuna da abin da na sani. Ilmin nan ba baƙo ba ne gare mu. Kalmar algorizim da masu kwamfuta ke kiran tsarin lissafinsu da ita, daga sunan Alhawarizmi aka samo ta, malamin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kashi mai yawa na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da rabon gado ya ke. Saboda haka duk almajirin da ya iya fitar da asalin mas'ala a rabon gado, ya riga ya taka bakin ƙofar.

ZANCEN MAKKA DA MADINA

Alhaji ya ce, "To, ai shi ke nan, a kawo shi nan wurinku."

Yaron ya ce, "Sannu dai, Baba." Ya ce gaskiya ne Ummul Ƙura, wadda ta fara da kwalejin Shari'a a 1949 ta zama jami'a a 1981, tana da sashen kwamfuta. Haka ma Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Amma yawancin 'ya'yanmu da suka sami gurbin kyauta a can, Larabci da Shari'a da Hadisi suka karanta, guraben kimiyya na baƙi kuwa kaɗan ne. Littattafan kwamfuta kuma na Turanci ne, ko a Makka. Sa'an nan tun 2022 gwamnatin Saudiyya ta buɗe ƙofa guda ta intanet, mai suna Udrus fis Sa'udiyya, inda yaro zai cika takarda da kansa. Bisa ga al'ada ana son shekarunsa su kasance tsakanin 17 da 25. Akwai kuma wadda ake yawan ambata, Jami'ar Sarki Abdullahi ta Suwal, wadda aka buɗe a 2009. Wannan an kafa ta ne domin waɗanda suka riga suka sami digirin farko.

Ya ce, "Baba, a nema, amma kada a dogara a kanta kaɗai. Wanda kuwa ya ce ku ba shi kuɗi ya sayo gurbi, ku riƙe kuɗinku."

Nan aka kira ƙungiyarmu, muka tashi zuwa jifa. Da dare muka ƙarasa zancen ni da Alhaji, na ce masa, "Alhaji, ka taɓa ɗora goron shekara duka a mota guda?" Ya ce, "Haba Malam, wane falke ne zai yi haka? In ta kife fa?" Na ce, "To, abin da ka yi wa yaron nan ke nan." Ya yi dariya, ya ce na kama shi.

MA'AUNI HUƊU

Jama'a, a da in uba zai kai ɗansa karatu gabas, ba sunan gari ya ke bi ba. Yakan duba inda yaron ya kai a allo, ya tambayi wane malami ne ke can, ya san wa zai ci da shi. Zaɓen jami'a ma haka ya ke. Ga ma'auni huɗu.

Na fari, ku dubi takardar yaron kafin ku dubi sunan makaranta. A Gana ana haɗa makin darussa 6 na jarrabawar WASSCE, 3 na dole da 3 na zaɓi. A1 maki 1 ne, C6 maki 6 ne, kuma ƙanƙantar jimla ita ce kyanta. Manyan jami'o'i sukan buga jimlar da suka tsaya a kai bara. Ilmin kwamfuta yana cikin waɗanda ake rububinsu, don haka a manyan wurare jimlar takan ƙanƙanta ƙwarai. Uwar abin duka ita ce lissafin zaɓi. Wanda bai ɗauke shi ba, ko ya faɗi, ƙofofi da yawa a rufe su ke gare shi sai ya sake jarrabawar ƙarshen shekara, wadda yara ke kira Nobdek. Masu nufin Nijeriya kuwa, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, hanyarsu ta hukumar JAMB ce, kuma ban da Turanci da lissafi ana son fiziks. Ɗan auta na Alhaji jimlarsa 17, lissafin zaɓi C6. Ba faɗuwa ya yi ba, an dai kai shi kasuwar da ta fi ƙarfin jarinsa.

Na biyu, ku san ainihin abin da yaron ke so, gama sunayen suna kama da juna. Akwai ilmin kwamfuta, shi ne lissafi da rubuta wa na'ura umarni. Akwai injiniyancin kwamfuta, shi ne ƙirar jikinta da wutar cikinta. Akwai fasahar sadarwa, ita ce girka na'urori da kula da su a banki ko asibiti ko ofis. Kowanne sana'a ce ta cin abinci, amma ba ɗaya su ke ba. Ku zaunar da yaron ya faɗa muku da Hausa abin da zai riƙa yi in ya gama. In ya kasa, bai san abin da ya ke nema ba tukuna.

Na uku, ku binciki makarantar kamar yadda ku ke kwance huhu ku duba har ƙasa. A Gana akwai hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ke ba makaranta da kowane fanni izini, ita kuma ke auna takardar wanda ya yi karatu a waje. Karatun da ba shi da izininta, takardarsa ba ta da daraja wajen neman aiki. Bayan wannan, zuwa da kai ya fi aike. Ku je ku ga ɗakin na'urori, ku tambayi ɗaliban ko malamai na shiga aji, ko ana tura su koyon aiki, kuma ina 'yan bara su ke yanzu.

Na huɗu, ku ƙirga kuɗin shekara 4, ba na ranar shiga kaɗai ba. A 2025 gwamnatin Gana ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a makarantunta. Madalla. Amma ɗaki da abinci da mota suna wuyan uba, ga kuma kwamfutar hannu wadda ɗalibin wannan fanni ba ya yi sai da ita. Garin da yaro ke da kawu ko gwaggo, da masallaci kusa, ya fi sauƙi ga aljihu da hankalin iyaye, balle in 'ya mace ce. Kada kuma a hana 'yan mata wannan karatu, gama ba ya bukatar ƙarfin damtse.

A RABA KAYA MOTA UKU

In an auna duka huɗun, sai a raba nema kashi uku. Kashi na fari, wurin da ake buri, ko da samu da wuya. Nan ne irin su Jami'ar Gana ta Legon, wadda aka kafa a 1948, da Tek ta nan Kumasi, wadda ta fara a 1952, da guraben kyauta na Makka da Madina. Har da Ashesi ta Berekuso, wadda Patrick Awuah, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya buɗe a 2002. Tana da tsada, amma tana ɗaukar nauyin 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari, kuma sai wanda ya nema a kan ba.

Kashi na biyu, wurin da jimlar yaro ta yi daidai da ta bara. Nan a duba irin su jami'ar Tamale, wadda aka kafa a 1992, da ta fasaha da ke Nabarongo, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2020. Kashi na uku, wurin da ake da ƙarfin zuciya za a samu, kamar jami'o'in fasaha da aka ɗaga daga matsayin foliteknik tun 2016, akwai ɗaya a nan Kumasi. Amma fa kada a rubuta wurin da an san ko an ba yaron ba za shi ba.

Na sani kowace takarda da kuɗinta. To, ku gwada kuɗin takarda 4 da hasarar shekara guda ta saurayi, ku ga wanne ya fi tsada. Zaman banza kuwa kun san abin da ya ke haifarwa a lungunanmu.

Ina roƙon ƙungiyarmu ta sa rana guda kowace shekara, bayan fitar sakamako, ta kira 'ya'yanmu da suka riga suka shiga jami'a su zauna da iyaye a makarantar allo, a duba takardu tare. Ni na ba da zaurena.

Amma ga Alhaji, da muka komo gida ya ƙi ba mutumin nan kuɗi. Yaron ya cika ta Saudiyya da hannunsa, aka kuma saya masa takarda 3 a nan gida, yana ta bitar lissafi da dare. Ran nan Alhaji ya aiko mini da goro fari ƙwarya guda, da saƙo cewa auta ya sami wuri a arewa, yana zaune gidan ƙanen uwarsa.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, ya kai wanda bai je ba ɗakinsa mai alfarma. Wassalam.