Igiya, karta da tafki: wasannin da ke haɗa ƴaƴan waɗanda ba sa ga maciji da juna

A wani daji da ke bakin tafki a garin Otisfield na jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka, akwai sansanin da ya yi suna wajen tara ƴan makarantar sakandare daga yankunan da ke fama da rikici, su zauna tare na kimanin mako uku. Cikin abubuwan da ake sa su yi akwai hawa can sama da igiya ɗaure a ƙugu. Sau da yawa yaron da ke sama Bafalasɗine ne, wanda ke riƙe da bakin igiyar a ƙasa kuma ɗan Isra'ila. In an jima sai su yi musanya. Duk wanda ke sama ya san cewa lafiyarsa tana hannun wanda aka taso ana gaya masa maƙiyinsa ne.

Sunan shirin Seeds of Peace, wato irin shuka na zaman lafiya. Wani ɗan jaridar Amurka mai suna John Wallach ne ya kafa shi a shekarar 1993, da samari 46 daga Isra'ila da Falasɗinu da Masar. A ranar 13 ga watan Satumba na wannan shekara, yaran suna cikin waɗanda suka halarci sa hannu kan yarjejeniyar Oslo a fadar White House. Daga baya aka buɗe ƙofa ga matasan Indiya da Pakistan da Afganistan, da na tsibirin Kubrus, da na yankin Balkan, har ma da ƴan jihar Maine ɗin kanta, inda ƴaƴan baƙin haure da ƴan gudun hijira daga ƙasashe irin su Somaliya da Sudan ke zama aji ɗaya da ƴaƴan ƴan gari.

Masu shirin suna kiran abin da suke yi horon shugabanci. Sai dai wanda ya duba yadda yini ke tafiya a sansanin zai ga wasa ya cinye babban rabo. Me ya sa?

Tuta a waje, riga iri ɗaya a ciki

Tun a bakin ƙofa ake fara aikin. A farkon zama kowace tawaga takan ɗaga tutar ƙasarta, ta rera taken ƙasarta, amma a wajen sansanin. Da an shiga ciki, kowa sai ya sa koriyar riga iri ɗaya, kuma Turanci ne harshen da ake magana da shi. Ɗakin kwana a cakuɗe yake, teburin cin abinci ma haka.

Kowace rana akwai zaman tattaunawa na kusan awa biyu a ƙananan rukunoni, inda ake taɓo abin da ya fi zafi: ƙasa, mamaya, hare-hare, ƴan uwan da aka rasa. Ana ɗaga murya, ana kuka, wani ma yakan tashi ya fita. Waɗannan yaran da suka gama cacar baki su ne kuma ake kwasa a kai filin igiya, a ba su aikin da ba zai yiwu ba sai sun haɗa hannu.

Wasannin da ake yi a irin waɗannan shirye-shirye ba su da tsada. Akwai wanda ake ɗaure wa mutum ido da ƙyalle, abokinsa ya bi da shi cikin itatuwa da murya kaɗai. Akwai saƙar gizo-gizo: a ɗaura igiyoyi tsakanin itatuwa biyu, a bar ramuka manya da ƙanana, a ce kowa sai ya ƙetare ba tare da ya taɓa igiya ba, kuma ramin da aka bi sau ɗaya ya rufe ke nan. Dole a zauna a yi lissafi: wa zai fara, wa za a ɗaga sama, wa zai rage a ƙarshe ba mai taimakonsa. A nan ne ake gane cewa wanda ya fi kowa baki a zauren tattaunawa ba lalle ne ya fi kowa dabara ba, kuma yarinyar da ba ta ce uffan ba tun safe tana iya zama wadda ta hango mafita.

Darasin da aka koya daga yara 22

Tunanin da ke bayan waɗannan wasanni ya girmi sansanin. A shekarar 1954, wani masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Turkiyya, Muzafer Sherif, da abokan aikinsa suka kai yara maza 22 masu kimanin shekara 11 wani daji da ake kira Robbers Cave a jihar Oklahoma. Yaran duk fararen fata ne, addininsu ɗaya, gidajensu masu rufin asiri. Aka raba su gida biyu, aka sa musu gasa da kyauta ga wanda ya ci. Cikin ƴan kwanaki suka fara zagin juna, suka ƙona tuta, suka riƙa kai wa ɗakunan juna samame.

Da masu binciken suka so sasanta su, sai suka fara da abin da kowa zai fara tunani: a haɗa su cin abinci da kallon fim. Abin ya ƙare da jifa da abinci. Sai da aka toshe musu hanyar ruwan sha suka fita neman matsalar tare, aka kuma ce motar da za ta kawo abinci ta ƙi tashi suka ja ta tare da igiyar da suka yi gasar ja-in-ja da ita, sannan gabar ta fara sanyi. Ranar komawa gida su da kansu suka zaɓi shiga mota ɗaya.

Abin da aka ɗauka daga nan shi ne, zama wuri ɗaya kawai ba ya kashe gaba. Abin da ke rage ta shi ne buƙatar da ɓangare ɗaya ba zai iya biya shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an ajiye jinkar a gaban mutane kafin su yarda.

Kartar da ba a magana

Akwai wani wasan da ya yaɗu a shirye-shiryen musayar ɗalibai, wanda shi ba igiya a cikinsa. Sunansa Barnga, wanda wani malami ɗan asalin Indiya, Sivasailam Thiagarajan, ya ƙirƙiro, sunan kuma ya samo asali daga garin Gbarnga na Laberiya inda ya taɓa aiki.

Ana zaunar da ɗalibai a tebura daban-daban, a ba kowane tebur takardar dokokin wata karta mai sauƙi. In sun karanta sai a karɓe takardun, a hana magana. Wanda ya ci ya koma tebur na gaba. Abin da ba a gaya musu ba shi ne dokokin sun ɗan bambanta: katin da ya fi kowane ƙarfi a wannan tebur, a wancan shi ne mafi rauni. Nan da nan sai ka ga ana harara, ana buga tebur, kowa na ganin ɗan uwansa macuci ne ko daƙiƙi.

Bayan an gama sai a buɗe baki, a tambaye su abin da suka ji. A nan amfanin yake. Mafi yawa sukan yarda cewa abin da ya fara zo musu a rai shi ne zargi, ba wanda ya kawo cewa ɗan uwansa ma doka yake bi, sai dai ba irin tasa ba. Duk ɗan ci-rani ko ɗalibin da ya taɓa sauka Aljeriya, Faransa ko Amurka ya san wannan hali. Yaron da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai gaban babba, in ya je inda rashin kallon ido ke nufin rashin gaskiya, ya zauna ke nan a teburin da ba dokarsa ake bi ba.

Shi ya sa masu wannan aiki ke cewa wasan da ba a zauna an yi bitarsa ba, motsa jiki ne kawai.

Kore da Shuɗi

A kwanakin ƙarshe na sansanin Maine ana yin abin da zai ba wanda ya san labarin Oklahoma mamaki: ana raba yaran gida biyu, Kore da Shuɗi, a sa musu gasa mai zafi, daga ƙwallon ƙafa da iyo har zuwa zane da kiɗa. Bambancin shi ne kowane gida a cakuɗe yake. Bamisire da ɗan Isra'ila na Shuɗi suna neman yadda za su kayar da Bamisire da ɗan Isra'ila na Kore. Yaro yakan wayi gari yana yi wa wanda suka yi faɗa jiya kirari, yana kuma fatan ɗan garinsu ya faɗi. In an sanar da sakamako, duka gidajen biyu a tafki suke ƙarewa.

Saƙon a fili yake. Idan launin riga da aka raba jiya zai iya sa mutum ihu har muryarsa ta dishe, to ya kamata ya sake duba yadda ake ƙirƙirar "mu" da "su".

In an koma gida fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Wallach, wanda ya rasu a 2002, yakan roƙi kowane yaro ya yi ƙoƙarin samun aboki ko da guda ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Wasu masu bincike biyu, Juliana Schroeder da Jane Risen, sun bi sawun matasan Isra'ila da Falasɗinu da suka halarci sansanin daga 2010 zuwa 2012. Sun tarar ra'ayinsu game da juna yana gyaruwa a ƙarshen zama, amma bayan watanni a gida wani ɓangare na gyaran yakan zube. Waɗanda suka ƙulla abota ta gaske su suka fi riƙe abin da suka samu.

Wani bincike da Salma Mousa ta wallafa a mujallar Science a 2020 ya ƙara nuna iyakar abin. A arewacin Iraƙi, ta sa ƴan wasa Musulmi cikin wasu ƙungiyoyin ƙwallon Kiristocin da ƙungiyar IS ta raba da gidajensu. Bayan gasar wata biyu, Kiristocin da suka buga tare da Musulmi sun fi yarda su sake shiga ƙungiya mai gauraye, su kuma ci gaba da atisaye tare. Amma ba su fi sauran zuwa cin abinci a Mosul ko halartar taron da za su haɗu da Musulmin da ba su sani ba. Amincin ya tsaya a bakin fili.

Akwai kuma suka mai nauyi daga Falasɗinawa da dama, waɗanda ke ganin irin wannan shiri yana nuna kamar ɓangarorin biyu daidai suke, alhali in an sauka daga jirgi ɗaya zai wuce gida kai tsaye, ɗaya kuma sai ya bi ta shingayen sojoji. Labarin Asel Asleh yana nan a matsayin shaida. Balarabe ne ɗan ƙasar Isra'ila, yana cikin fitattun yaran sansanin, yana da abokai Yahudawa da yawa. A ranar 2 ga watan Oktoba na 2000 ƴan sandan Isra'ila suka harbe shi a garinsu Arraba lokacin wata zanga-zanga, yana ɗan shekara 17, sanye da koriyar rigar sansanin. Ba a gurfanar da ɗan sanda ko ɗaya a gaban kotu kan kisan ba.

Wasa ba ya kwance shinge, ba ya maye gurbin adalci. Abin da yake iya yi ƙarami ne: ya sa mutum ya san suna da fuskar mutum ɗaya daga can.

Abin da ya rage ga na gida

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar. Taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ita ma wasa ce mai doka: Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya tsokani Babarbare, kuma an haramta fushi. Kakanni sun riga sun gane cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa sai cikin raha.

Abin da makarantun lise na Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa za su iya ɗauka daga waɗancan shirye-shirye bai buƙaci jirgi ko biza ba. Igiya, ƙyalle da karta sun isa. Sharuɗɗan ne masu wuya. Kada a raba ƙungiyoyi bisa unguwa, yare ko aji, domin hakan shi ne maimaita farkon labarin Oklahoma. A cakuɗa su. A ba su aikin da gwani ɗaya ba zai gama shi kaɗai ba. A zauna bayan wasa a saurari kowa, musamman wanda bai saba magana ba. Kada a tilasta wa kowa: ɗaliba ko ɗalibin da addini ko tarbiyya ta hana shi wasan da ake riƙe hannu tsakanin maza da mata, a raba rukunin ko a ba shi wani matsayi, domin shirin da ke koyar da mutunta al'adar wani bai kamata ya fara da take ta ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda binciken ya fi jaddadawa: kada abin ya ƙare ranar rufe taro. A nan ƴan lise ɗaya sun fi yaran Maine sa'a, domin su babu shinge tsakaninsu, kuma ranar Litinin za su sake haɗuwa a aji.