Ƙwallon Amurka ko ta Kwando: Wacce ta Fi Shiga Ran Magoya Bayan Jami'o'i?

A jami'o'in Amurka, ƙwallon da suke kira futbol, wadda ake runguma da hannu a ruga da ita, ita ce ta fi yawan masoya. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma ranar Asabar ɗin wasa yakan cika maƙil. Kuɗi ma can suka karkata. A 2022 ƙungiyar wasannin jami'o'i ta Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 7, galibi saboda wannan wasa, kuma a 2024 Jami'ar UCLA, mai kofin kwando 11 na maza, ta koma ƙungiyar.

Wani zai ce ai a watan Maris gasar kwando mai ƙungiyoyi 68 kan mamaye ƙasar, har ma'aikata su riƙa leƙen wasa a ofis. Gaskiya ne, kuma a jihohin Kentaki da Kansas kwando ce sarauniya, masoyanta ba sa wasa da ita. Sai dai gasar Maris zazzafar sha'awar makonni uku ce, da yawa daga masu kallonta ba su bi wasannin hunturu ba. Masoyin futbol kuwa tun ƙarshen Agusta yake bibiyar makarantarsa mako-mako har Janairu.